Wane Babur Ya Dace da Mu?

Kakanninmu na Banga da jaki da raƙumi suke kai amfanin gona kasuwa. Mai hali ya hau doki. A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda daga Zariya, gyaɗa da auduga suka sami hanyar fita. Daga baya keke ya yawaita. Yanzu kuwa babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai mu Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Shi ke ɗauko taki, shi ke kai marar lafiya asibiti.

Amma babur yana da tsada. Mutum yakan sayar da hatsin shekara, ko bijimin da ya daɗe yana kiwo, kafin ya saye shi. In ya zaɓi wanda bai dace da shi ba, guminsa ya tafi a banza. Saboda haka bari mu duba irin-irin babura, mu ga amfanin kowanne da aibinsa.

Ƙarfin inji

A jikin babur muna ganin lamba, kamar 100, ko 125, ko 150. Wannan lamba awon cikin inji ce, watau wurin da fetur ke ƙonewa. Ana kiran awon si-si. Si-si 1,000 daidai yake da lita ɗaya. Ashe ke nan cikin inji mai si-si 100 kashi ɗaya ne bisa goma na lita. In lambar ta yi yawa, ƙarfi ya yi yawa, shan mai kuma ya ƙaru. Babban doki, babban harawa.

Babur na ƙasaita

Akwai wani irin babur da muke gani a hoto ko a majigi. Mazauninsa ƙasa-ƙasa ne, hannuwansa masu faɗi, matakin ƙafa kuma yana can gaba. Mahayi yakan zauna a miƙe kamar mai hutawa a kujera. Mu kira shi babur na ƙasaita.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Harley-Davidson. An kafa kamfaninsa a birnin Milwaukee na Amurka a shekarar 1903. Daga baya mutanen Japan suka yi nasu: Yamaha Virago a 1981, Honda Shadow a 1983. Kamfanin Bajaj na Indiya ma ya yi ƙarami, sunansa Avenger.

Masu hawansu a can ra'ayinsu ya rabu. Waɗansu sun fi son Harley saboda rugugin injinsa da tsohon sunansa. Waɗansu sun fi son na Japan domin ya fi sauƙin kuɗi. Amma duk abu guda suke nema, watau jin daɗin doguwar tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta.

To, mu fa? Manyan Harley nauyinsu ya wuce kilo 300, injinsu ya wuce si-si 1,500. Cikinsu kuma yana kusa da ƙasa. A kan kwalta ba laifi. Amma a sa shi hanyar gona mu gani. Da rani ya nutse cikin rairayi, da damina ya kafe cikin laka, ko cikinsa ya bugi kunya. In ya faɗi, da ƙyar mutum ɗaya zai tashe shi. In ya lalace, kayan gyaransa sai an aika nesa. Kyakkyawa ne, amma ba don hanyarmu aka yi shi ba.

Babur na aiki

Wannan shi muka fi sani. Mazauninsa dogo ne, shimfiɗaɗɗe, da kariya a baya. Nauyinsa bai kai rabin na babban Harley ba. Iri uku ne suka fi shiga hannunmu.

Na fari shi ne Honda CG125. Mutanen kamfanin Honda sun zaga ƙasashen talakawa, suka ga ana labta wa babur kaya, ba a kuma canza masa baƙin mai a kan lokaci. Sai suka ƙera wannan a shekarar 1975 domin ya jure wahala. Kamfanonin Sin da yawa sun kwaikwayi injinsa.

Na biyu shi ne Boxer, na kamfanin Bajaj. 'Yan kabu-kabu suna sonsa ƙwarai, gama ba ya shan mai da yawa, yana ɗaukar kaya, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu.

Na uku shi ne Jincheng AX100 na ƙasar Sin. Injinsa dabam ne. Yana da wani mai na musamman da ke ƙonewa tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi. Yana da zafin tashi da sauƙin gyara, amma ya fi Boxer shan fetur. In wancan mai ya ƙare ba a lura ba, inji ya ƙone.

Roba-roba da Vespa

Akwai kuma wanda ba shi da tanki a tsakanin ƙafafun mahayi, wanda muke ce wa roba-roba. Asalinsa Honda Super Cub ne, wanda ya fito a 1958. Zuwa shekarar 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 nasa. Ba a matsa masa kuloci da hannu, sai dai a taka giya kawai. Dattijo mai babbar riga yana hawansa ba tare da ya ɗaga ƙafa sama ba. Ba shi da nauyi, ba ya shan mai. Aibinsa shi ne ba ya son kaya masu nauyi.

Vespa kuwa daga Italiya ta fito a 1946. A da malaman makaranta da ma'aikata sun so ta. Amma tayoyinta ƙanana ne, rami da rairayi suna wahalar da ita.

Kowa da abin da ya karɓe shi

Manomi mai kai buhun gero kasuwa yana bukatar kariya mai ƙarfi da inji mai ja. Ɗan kabu-kabu yana bukatar mai tsimin fetur, domin ribarsa tana cikin tanki. Malamin da ke zuwa makaranta ya dawo, roba-roba ya ishe shi. Saurayi kuwa sau da yawa launi da ƙara suke ruɗinsa. Mu tuna masa, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bari mu yi lissafi. A ce babur ɗaya yana cin kilomita 50 da lita guda, wani kuma 25. A ce kullum muna tafiyar kilomita 50. Na farko zai sha lita 30 a wata, na biyu lita 60. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya hau ƙwarai. Babur mai araha a kasuwa, in mashayin mai ne, shi ne mai tsada a gida.

Kafin mu biya kuɗi

Da fari mu tambayi makanikin da ke kusa da mu: wane babur ka iya gyarawa, wanne ne kuma ake samun kayansa a Ƙaura? Babur da ba shi da makaniki a kusa, wahala ce muka saya.

Na biyu, mu hau mu gwada. Ƙafafunmu su taɓa ƙasa sosai. Mu taka birki, mu duba sarƙa da tayoyi da fitila. In na hannu ne, mu saurari inji, mu duba salansa. Boxer ko Honda mai fitar da shuɗin hayaƙi, injinsa ya gaji.

Na uku, mu karɓi rasit. Akwai lamba a jikin inji, akwai wata a jikin ƙarfen babur. Mu karanta su da kanmu, mu gwada da na takarda. In sun saɓa, kada mu saya, watakila na sata ne. A nan karatunmu zai yi mana rana. Sa'an nan mu yi masa rajista, mu yanki lasin.

Tsare rai

Ɓarayin daji ma da babura suke yawo. Saboda su ne a shekarar 2021 gwamnatin Zamfara ta hana hawan babur da dare, da sayar da fetur a jarka. Irin wannan doka takan sauya, don haka mu riƙa tambayar hakimi ko mai gari abin da ake ciki. Mu riƙa tafiya da takardunmu, domin su ne shaidar mutumin kirki.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sa hular kwano tun daga 1 ga Janairu, 2009. Ƙafa in ta karye akwai maɗori, amma kai ba shi da maɗori. Kada mu ɗauki mutum uku ko huɗu, gama birki ba zai kama da wuri ba. Kada mu ba yaro ƙarami babur. Mu tuna sauri ya haifi nawa.

Babur mai kyau shi ne wanda ya dace da hanyarmu, da aikinmu, da aljihunmu. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar lambar 100 ko 125 da ke jikin babur?
2. Don me babur na ƙasaita bai dace da hanyar gona ba?
3. In babur yana cin kilomita 40 da lita guda, lita nawa zai sha a kilomita 200?
4. Waɗanne lambobi biyu za mu gwada da rasit?
5. Rubuta sunan babur da ya dace da aikinka, da dalili ɗaya.