Idan Na'urar Damtse Ta Ce Suga Ya Faɗi

Ƙarfe uku na dare waya ta ɗauki ƙara, allo ya nuna suga 58. Mai ciwon suga ya zabura ya tashi zaune, amma jikinsa lafiya lau, babu karkarwa, babu gumi, babu jiri. Kafin ya kai hannu ga dabino, ya fara duba ta wane gefe ya kwanta. Idan damtsen da na'urar auna suga ke manne ya danne da katifa, nauyin jiki kan rage gudanar ruwa a wurin, sai lamba ta faɗi alhali jinin na nan daidai. Juyawa kawai zai yi, cikin 'yan mintuna lambar ta hau.

Tushen yawancin rikicin waɗannan na'urori ɗaya ne: ba jini suke aunawa ba. Ɗan siririn zaren da ke shiga ƙarƙashin fata, ko na FreeStyle Libre na kamfanin Abbott ko na Dexcom, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki yake gwadawa, shi kuwa wannan ruwa yana bin jini a baya da kamar minti biyar zuwa sha biyar. Shi ya sa wanda ya gama cin tuwo yanzu zai huda yatsa ya ga lamba ɗaya, waya ta nuna masa wata, ya ce an sayar masa da jabu. Ba lalle ba ne. Haka ranar farko da aka manna sabuwa, lambobin kan yi ta tsalle kafin su zauna. Amma duk lokacin da abin da jiki ke ji ya saɓa da abin da allo ke faɗa, a wanke hannu, a busar, a huda yatsa. Idan gwajin ya nuna ƙasa da 70, a sha abin zaƙi nan take.

Sai matsalar ɓamɓaruwa, wadda ta fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya. Libre kwana 14 ake so ta yi a jiki, Dexcom kwana 10, amma zufar bazara a Sakkwato ko Maiduguri kan sassauta gam tun kafin mako ya zagayo. Da hunturu kuma basilin ne abokin gaba. A wanke wurin da sabulu, a goge da sifirit, a bari ya bushe ƙarƙaf, kada a shafa mai. Wanda ke yawan gumi ya ƙara filasta a gefe-gefe, ya kuma kula da ƙyauren ɗaki da lokacin cire riga. Wadda ta fita ta fita, ba a mayar da ita. Wanka da alwala ba sa cutar da ita. Libre na jure ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa.

In waya ta daina karɓar saƙo, galibi nisa ne ko Bluetooth a kashe, ko tsarin tattalin batir ya rufe manhajar. A matso da wayar kusa, a kashe a kunna. Masu tsohuwar Libre da ake karawa da waya su tuna awa takwas kaɗai take riƙe bayani.

Abin da na fi so a ji shi ne na magunguna. Bitamin C fiye da miligiram 500 a rana na iya sa Libre 2 ta nuna suga sama da yadda yake. Hydroxyurea, maganin da masu sikila da yawa ke sha, haka yake yi wa Dexcom G6 da G7. Haɗarin a fili yake: mutum ya ga lamba ta hau, ya ƙara insulin, alhali sugansa bai kai nan ba. Mai shan ɗaya daga cikinsu ya gaya wa likita kafin ya sayi na'urar.

A kuma lura da ajiya. Kwalin na'urar da ya wuni cikin mota a rana ko ya daɗe a shagon da ba iska bai da tabbas, don haka a duba ranar ƙarewarsa da zafin da aka rubuta a jikinsa. Tsohuwar na'urar huda yatsa kuwa, jama'a, kada a kyautar da ita. A ajiye ta kusa da gado tare da tsinkayen gwajin da wa'adinsu bai wuce ba.