Farauta da Takarda

A Jihar Colorado ta Amurka, mai son harbin barewa a wasu dazuzzuka sai ya shiga ƙuri'a. Idan bai ci ba, a ba shi maki ɗaya ya ajiye. Mai maki da yawa ake fara ba lasisi. Wasu kan shekara goma suna jira, shi ya sa aka yi ta muhawarar gyara tsarin.

Mu a Nima da Mamobi, a nan Gana, ba ruwanmu da ƙuri'a. Dokar Gana lokaci ta ƙayyade: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba babu farauta, don namun daji su hayayyafa. Gyazbi kaɗai aka yarda a kama, shi ma sai da lasisin Hukumar Gandun Daji. Sai dai mai sayen nama a kasuwa ba kasafai yake tambayar takarda ba.