Dillancin Gidaje da Filaye a Minna: Sabon Shiga da Neman Ubangida

Da yawa daga cikinmu ɗalibai kan ɗauka dillancin gidaje sana'ar marar jari ce, wai waya da daɗin baki sun isa. Ni da na yi shekara biyu ina bin wani dattijon dillali a Minna, ban yarda da haka ba. Jarin wannan sana'a shi ne sanin asalin fili, kuma a bakin tsofaffin hannu ake samunsa.

Ga dalili. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna hedikwata, garin yake ta faɗaɗa cikin gonakin Gbagyi, ta wajen Maitumbi da Kpakungu da Bosso. Sai kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, galibi ta shekara 99. Don haka fili ɗaya kan zo da takardar mai unguwa, da ta ciniki, wani sa'in da ta gwamnati. Sabon shiga da ya ga hatimi sai hankalinsa ya kwanta. Ubangidana kuwa tambaya yake yi: gonar wa ce tun farko? An raba gado? Ina sauran magada? Maƙwabta sun san iyaka? Sau da yawa na ga ciniki ya watse a kan tambaya ta biyu, domin ɗa ɗaya ne ya fito da fili kasuwa ba da sanin 'yan'uwansa ba.

To, yaya ake samun ubangida? Ba a rubuta takardar neman aiki. Mutum kan je majalisarsu tare da wani babba da zai tsaya masa. Kafin nan sai ya bincika: waɗanda dillalin ya sayar wa fili shekarun baya, suna dawowa wurinsa, ko kotu suke haɗuwa? Wanda kuma ke son hanyar boko, akwai ofisoshin masu ƙiyasta kadarori masu rajista, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983 ma tana da sashen wannan fanni.

Da ƙaramin aiki ake farawa, wato kai ɗalibai duba ɗakunan haya a Gidan Kwano da riƙe makullai. A nan maganar la'ada ke tasowa. (Ga masu nazarin harshe, la'ada da dillali duk aro ne daga Larabci.) Kunya kan hana yaro tambayar kasonsa, amma gara a yanke shi tun ranar farko gaban shaida. Nawa ubangidan da kansa ya kira maƙwabcin shagonsa, ya faɗi rabona a gabansa kafin ya miƙa mini makulli ko ɗaya.