Gudun Taimako a Accra: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Ɗaura Takalmi

Wataƙila ka taɓa fitowa daga Nima da sassafe ranar Asabar, trotro ya kai ka wajen Osu, sai ka tarar 'yan sanda sun tare hanya. Ga jama'a nan birjik, riga iri ɗaya, kowa da lamba a ƙirji, wasu na sheƙa gudu, wasu na tafiya suna haki. Fasinjoji na ta mita, wani ma ya ce, "Wa ya koro su?" Ba wanda ya koro su. Tseren kan titi ne, kuma da yawa daga cikin irinsa ana shirya su ne domin a tara kuɗin taimako. Kai ma kana iya shiga, ko da rabonka da gudu tun kana firamare.

Mene ne gudun taimako?

Tsere ne da ake yi a kan titin mota, a rufe hanya na wasu awoyi, kowa ya yi rajista ya shiga, a kuma ware wani abu daga kuɗin da aka samu don asibiti, marayu, makaranta ko yaƙi da wata cuta. Nisan yana hawa-hawa. Akwai kilomita 5, akwai 10, akwai rabin maraton wato kilomita 21 da ɗoriya, sannan cikakken maraton, gudun yada ƙanin wani, mai kilomita 42 da mita 195. A Ghana mutane kan kira kowane tsere maraton, ko da na kilomita 5 ne, don haka kada sunan ya tsorata ka. Duba nisan da aka rubuta.

Abin ba baƙo ba ne a Accra. An shafe shekaru da dama ana yin Accra Milo Marathon a baya. A 2007 aka fara Accra International Marathon domin tallafa wa ƙungiyar kiwon lafiya ta Longevity Project. A 2015 kuma aka fara Millennium Marathon, wanda ke da rukunin kilomita 21 da na kilomita 5, yana tara jama'a a dandalin Black Star Square. A waje kuwa, maraton na Landan da aka fara a 1981 ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan 1.

Ta ina kuɗin ke fitowa?

Nan ne ya kamata ka buɗe ido, domin gudun kansa ba ya haifar da ko sidi ɗaya. Kuɗin na zuwa ta hanya uku. Na farko kuɗin rajista. Na biyu abin da kamfanoni ke bayarwa don a manna sunansu a riga da allunan hanya. Na uku, wanda mutanenmu ba su saba da shi ba tukuna, shi ne kai mai gudu ka roƙi 'yan uwa da abokai su ba da wani abu saboda wahalar da za ka sha. Ka je wajen kawunka ka ce, "Kawu, zan yi kilomita 5 don a sayi littattafai a makarantar Islamiyyar unguwa, nawa za ka sa wa kowace kilomita?" In ya ce sidi 10, ka gama, ya ba da 50.

Kada ka ɗauka duk kuɗin rajistarka sadaka ne. A cikinsa ake ɗinka riga, a sayi ruwa, a yi lambar yabo, a kawo motar asibiti, a ba waɗanda suka yi nasara kyauta. Abin da ya rage shi ne na taimako, wani lokaci kuma ba ya da yawa. Wani tseren ma tallar kamfani ce kawai, ba laifi ba ne, amma ka san abin da ka shiga. Tambayi masu shiryawa kai tsaye: wace ƙungiya za a ba, kashi nawa, kuma bara me aka yi da kuɗin? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Idan kai ne ke tara kuɗi daga jama'a, gara su tura ta MoMo zuwa lambar ƙungiyar da za ta amfana, ba taka ba. In dole sai ta hannunka, rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, ka nuna rasit bayan ka miƙa. A Zongo kowa ya san gidan kowa, zargin cin kuɗin marayu kuwa ba ya wankuwa da wuri. Wani abu kuma: wannan sadaka ce ta ganin dama. Zakka tana da waɗanda shari'a ta keɓe mata, saboda haka kada ka lissafa kuɗin rajista a cikin zakkarka sai ka tambayi malaminka.

Ni da ban taɓa gudu ba, zan iya?

Kilomita 5 za ka iya. Kimanin zagaye 15 ne na filin ƙwallo. Mai tafiya da ƙafa yakan gama a cikin awa ɗaya, sabon mai gudu kuma tsakanin minti 35 zuwa 45. Ba a hana ka tafiya a tsakiyar tsere ba, da yawa haka suke yi. Rabin maraton da maraton kuwa ka bar su tukuna, suna buƙatar watanni na shiri.

Yaya zan fara?

Akwai tsarin da hukumar lafiya ta Ingila ke koya wa sababbi: mako 9, sau 3 a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko ka yi tafiya mai sauri ta minti 5 don jiki ya ɗumama, sai gudu na minti 1, tafiya ta minti 1 da rabi, ka yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako ka ƙara wa gudun, ka rage wa tafiyar, har ka kai minti 30 ba tsayawa.

Abin da ke kayar da sababbi shi ne sauri. Saurayi ya fito ranar farko, ya tuna yadda yake buga ƙwallo a Kawukudi shekaru 10 da suka wuce, ya zuba a guje, bayan minti 3 ya dafa gwiwa, gobe ƙafa ta ƙi takuwa, shi ke nan an gama. Ga ma'auni mai sauƙi: in kana gudu ba ka iya amsa gaisuwa da cikakkiyar magana ba, saurinka ya yi yawa, rage. Huhu da zuciya kan saba da wuri, amma jijiyoyi da ƙasusuwan ƙafa suna ɗaukar lokaci, shi ya sa ranar hutu take cikin horon. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai. Ciwon da ke wuri ɗaya, a gwiwa ko ƙwauri, wanda ke ƙaruwa in kana gudu, shi ne ke cewa ka dakata.

A ina, kuma da wane lokaci?

Lungunan Nima da Maamobi ba na gudu ba ne. Ga matsi, ga kwata a buɗe, ga okada, ga masu kasa kaya, balle ranar Laraba da kasuwar Nima ke cika. Fita zuwa filin Kawukudi, ko titunan Kanda da ke kusa da Babban Masallacin Ƙasa, inda hanya ta fi faɗi. Ranar Asabar wasu kan hau mota zuwa harabar jami'ar Legon. Hawan dutsen Ayi Mensah zuwa Peduase a hanyar Aburi ya yi suna wajen masu motsa jiki, amma ka bari sai ƙafa ta yi ƙwari. In kana bakin titi, ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, ka cire abin sauraro daga kunne.

Lokaci kuwa mu Allah ya sauƙaƙe mana. Rana na fitowa a Accra wajen ƙarfe 6 duk shekara, wanda ya yi sallar Asuba ya riga ya tashi a lokacin da ya fi dacewa. Da ƙarfe 8 ya wuce zafi da gumi sun kama, domin iskar bakin teku na da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa da sauri. Yuli da Agusta sun fi sanyi. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan takura wa mai asma. Kuma ka nemi abokin fita ko ka shiga ƙungiyar motsa jiki ta unguwa, irin masu fita da waƙa da tafi. Mutum shi kaɗai barci kan rinjaye shi.

Wa ya kamata ya fara ganin likita?

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, asma ko sikila, da mai juna biyu, da wanda ya haura 40 bai saba motsa jiki ba. Hawan jini kan zauna a jiki ba tare da alama ba, awonsa kuma ba ya cin minti 5, a asibitin Maamobi ko wani kantin magani. In kana gudu ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ruɗewa, tsaya nan take ka nemi inuwa da taimako. Lambar gaggawa a Ghana ita ce 112.

Mata fa? Azumi fa?

Hajiya, ba sai kin canza suturarki ba. Dogon wando mai walwala, riga mai dogon hannu da ta sauko, da ƙaramin hijabi mara nauyi da ba zai riƙa tashi ba, sun wadatar. Ki zaɓi yadi mai sha iska, ki nemi rigar mama mai riƙe jiki sosai, ku fita ku biyu ko uku.

A watan Ramadan ka sassauta. Tafiya kaɗan dab da shan ruwa, ko gudu mara nauyi bayan Tarawihi, ya isa ya riƙe maka abin da ka tara. Kafin ka biya rajista, duba ko ranar tseren ta faɗo cikin azumi.

Nawa zan kashe?

Takalmi ne babban kashe kuɗi, kuma ba sai sabo ba. A Kantamanto ana samun na hannu masu kyau. Juya shi ka duba ƙasan, in ya cinye ta gefe ɗaya ka ajiye. Gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa a ƙafarka, ka bar sararin babban yatsan hannu a gaba. Kuɗin rajista ya danganta da tseren da nisan, na kilomita 5 ya fi araha, wasu kuma kan yi rangwame ga wanda ya biya da wuri. Sai kuɗin mota. Agogo mai tsada da garin ƙarin ƙarfi ba ka buƙatarsu.

Ranar tseren

Kada ka gwada sabon abu: ba sabon takalmi, ba sabon abinci. Koko da ɗan burodi ko ayaba awa 2 kafin a tashi ya isa, waakye da tuwo su jira ka dawo. Shafa man kaɗanya a cinyoyi da hammata saboda gogayya. Manna lambarka a gaba, ka rubuta lambar wayar wani naka a bayanta. Tsaya can baya, ka bar masu neman kyauta su wuce, domin kiɗa da ihun jama'a kan sa mutum ya ƙone ƙarfinsa a kilomita ta farko. A wuraren ba da ruwa ka kurɓa kaɗan-kaɗan, ba sai ka shanye leda guda ba, sauran ka zuba a kai.

Idan matasan unguwa na son shirya nasu

Ana iyawa, amma ba a tare titi haka kawai. Dokar taron jama'a ta Ghana ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin ranar. Ku je tun da wuri fiye da haka, ku sanar da sarkin unguwa da limamai da ɗan majalisar ƙaramar hukuma, ku tanadi ruwa da ma'aikacin jinya, ku zaɓi gajeriyar hanya da za a gama kafin rana ta yi zafi. Kuɗin kuma a damƙa wa mutum biyu ko uku da jama'a suka yarda da su, a karanta lissafin a bainar jama'a ranar da za a miƙa shi.