Kantar Da Takan Cinye Murya

Kowa ya san hannun manomi. Inda ƙotar fartanya take gogawa kullum, nan fata takan yi kauri ta taurare, sai mu ce hannu ya yi kanta. To, irin wannan kanta takan fito a cikin maƙogwaro kuma, daidai wurin da murya take fitowa. Mu malaman makaranta, da masu wa'azi, da 'yan ƙungiyar mawaƙa, da masu talla a kasuwa, mu ta fi kamawa. Malamin da muryarsa ta ƙare kuwa, alli kaɗai ba zai ciyar da iyalinsa ba.

Ku ɗora yatsa a kan zakaran wuya, ku ce "aaa". Karkarwar nan da kuka ji tana fitowa ne daga igiyoyin murya guda biyu. Sunan nan yana ɗan ruɗarwa, gama ba igiyoyi ba ne, sun fi kama da leɓɓa biyu masu laushi a bakin bututun iska. Ko na ƙaton mutum da kyar tsawonsu yake kai inci ɗaya. Sa'ad da muke numfashi a buɗe suke. In za mu yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta ture su, su sāke komowa su bugi juna, kamar ɗan karan da ke bakin algaita. Na namiji sukan bugu wajen sau 110 a sakan ɗaya, na mace wajen sau 200 ko fiye, na yaro kusan 300. Ku lissafta. In malama ta tara sa'a ɗaya tana fitar da murya, igiyoyinta sun bugi juna sau 720,000 ke nan.

Wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifen, Manuel Garcia, ya ga nasa igiyoyin suna wannan aiki a shekara ta 1854, da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. Yanzu likitoci suna dubawa da 'yar kyamara.

Bugun nan ya fi ƙarfi a tsakiyar sashen da yake karkarwa. In mutum yana ihu, ko yana magana da ƙarfi yini guda ba hutu, wurin yakan kumbura. Da fari kumburin mai laushi ne, in an huta ya sace. In ba a huta ba sai ya taurare, ya zama ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero. Galibi biyu ne, ɗaya a kowane gefe, suna fuskantar juna.

Abin ƙarami ne, amma dubi ɓarnarsa. Igiyoyin ba sa iya rufewa sosai, gama ƙullayen ne suke fara haɗuwa, su bar kafa a gaba da baya, kamar ƙofar da tsakuwa ta tokare. Ta nan iska take zurarewa a banza. Shi ya sa muryar take fita da huci, numfashi kuma ya ƙare tun ba a gama jimla ba. Ga nauyi kuma da aka ƙara musu, ba sa karkarwa da sauri ko daidai da juna, sai murya ta yi kauri ta dishe. Mawaƙiya ita takan fara ganewa. Ƙasan waƙa yana fita, amma in aka hau sama, musamman a hankali, sai muryar ta karye ko ta ɗauke ɗungum. Malami kuwa da safe dama-dama, kafin a tashi makaranta ya koma kamar mai mura.

A nan ne da yawa muke ƙara wa kanmu ciwo. Da mun ji muryar ba ta kai bayan aji, sai mu ƙara ƙarfi, mu matse wuya. Muryar takan fito na ɗan lokaci, amma bugun ya ƙaru, kantar tana daɗa kauri, gobe sai an ƙara matsawa fiye da yau. Yawan gyaran murya shi ma bugu ne. Raɗa da ƙarfi ba hutu ba ce. Ƙurar hunturu, da garin alli, da hayaƙin itace ko na taba, da ƙwannafi, duk suna sa wurin ya bushe ko ya yi zafi.

Cikin manya, mata ta fi samu. Cikin yara kuwa maza ne, irin masu ihu a filin ƙwallo. Iyaye su kwantar da hankali, yawancin 'yan mazan nan takan rabu da su in sun balaga.

Wannan ƙulli ba ciwon daji ba ne, maganinsa kuma ba a kanti yake ba. Mukan ga mawaƙa suna raba TomTom kafin su tashi waƙa, wasu kuma zuma da citta. Suna sanyaya maƙogwaro, ba mu hana ba. Amma abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa igiyoyin murya. Da ya taɓa su, da mun ƙware. Abin da yake taimako shi ne shan ruwa a kai a kai, da yin shiru tsakanin darasi da darasi, da sāke yadda ake amfani da muryar. Malami ya tafa hannu ko ya kaɗa ƙararrawa maimakon tsawa, ya taka zuwa wurin yaro maimakon kiransa daga nesa. Inda akwai lasifika a bar ta ta yi aikin. Shugaban mawaƙa kada ya tilasta wa mai kaurin murya ta hau inda ba nata ba, kada kuma a kwana ana koyon waƙa daren da gobe za a rera ta. Akwai masu koyar da gyaran magana a waɗansu manyan asibitoci, da taimakonsu ƙulli da yawa yakan ragu ko ya ɓace cikin makonni ko watanni.

Tiyata ita ce ta ƙarshe, don tabo a wurin nan ya fi ƙullin muni. Julie Andrews, mawaƙiyar Ingila ta fim ɗin The Sound of Music, an yi mata aiki a maƙogwaro a 1997, muryar waƙarta ba ta komo yadda take ba. Ko an cire ma, in ba a bar ihu ba, kantar takan dawo.

Sai dai ba kowace dishewa ce kanta ba, da kunne kuma ba a rarrabewa. In murya ta dishe ta wuce mako 3 ko 4, a je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba da ido. Mai shan taba, da mai kakin jini, da wanda haɗiya ko numfashi yake yi masa wuya, kada su jira makonnin nan su cika.