Haƙƙin Masu Kula da Itatuwanmu

'Yan'uwa, dasa itace aikin rana ɗaya ne, amma rainonsa yakan ci shekara biyu ko uku. Wani ne yake ɗebo ruwa da rani, ya kewaye dashen da ƙaya saboda awaki. Wani kuma ya hau dalbejiya da adda, ya sare reshen da ke shirin faɗa wa rufin makaranta. Sau da yawa ladansu ɗan na goro ne da "sannu da aiki".

A shekarar 2024 gwamnatin Nijeriya ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. Amma dokar ba ta shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ko masu ƙwadagon gona na ɗan lokaci. Wato yawancin mutanen nan ba su ciki, sai abin da muka shirya da su. Saboda haka mu yanke kuɗi a gaban shaidu kafin a soma aiki, a kuma rubuta. Mai hawa sama ya kamata ya fi mai ban ruwa samu, gama da ransa yake aikin.

Batun rauni ya fi damunmu. Dokar diyya ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashinsu a asusun NSITF. A ƙauye kuwa, in mutum ya faɗo ya karye, iyalinsa ake bari da kuɗin ɗori, ga gona ba mai nomewa. Kwamitin da ya sa aikin ya ware kuɗin magani tun farko, ya sayi igiya mai ƙarfi, kada kuma ya tura kowa sama kusa da wayar lantarki.