Miyar Dangwale ta Cuku da Sosej: Komai Nata Yana Hannun Wuta

A wata Lahadi cikin watan Fabrairu na kowace shekara, Amurkawa sama da miliyan 100 kan tare a gaban talabijin domin kallon Super Bowl, wasan ƙarshe na irin ƙwallonsu da ake runguma ana gudu da ita, wanda aka fara bugawa a 1967. Ba a kallon wasan nan da yunwa. Maƙwabta da 'yan'uwa kan haɗu a gida ɗaya, kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa, kuma da wuya ka leƙa teburinsu ba ka tarar da wata 'yar tukunya tana tururi ba. Abin da ke ciki narkakken cuku ne mai kauri, an cakuɗa shi da soyayyen naman sosej da tumatir da barkono, jama'a na kewaye da ita suna dangwala soyayyar gurasar masara suna kaiwa baki. Son da suke wa wannan miya ya kai ga a watan Janairun 2014, da kamfanin Kraft ya amsa cewa cukunsa na Velveeta ya yi ƙaranci a wasu shaguna ana dab da wasan, sai da maganar ta shiga manyan jaridun ƙasar.

Yau da bidiyon girke-girke ya cika wayoyinmu, matan gida da masu girkin biki suna ganin irin wannan abinci suna sha'awar gwadawa. Kayan haɗinsa kaɗan ne, aikinsa bai kai na miyar taushe ba. Sai dai wadda ta gwada ba tare da sanin halin cuku ba, takan ƙare da mai yana yawo a sama, dunƙulallen abu kamar roba yana kwance a ƙasa. Wadda kuma ta dace da haɗin amma ta bar shi ya huce a tsakiyar taro, tana iya raba wa baƙinta ciwon ciki. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, wato rashin iya sarrafa zafi.

Daga ina ta fito?

Asalinta arewacin ƙasar Meziko ne, yankin makiyayan shanu, inda aka daɗe ana narkar da cuku a kasko tare da barkono ko wani jan sosej mai yaji da ake kira corizo, a ci da gurasar masara. Wannan girki yana da aibi ɗaya: da zarar an sauke shi ya sha iska, sai ya daskare ya yi tauri. Dole a ci shi nan take.

Da abincin ya tsallaka iyaka zuwa jihar Tekzas, sai masana'antu suka sauya masa kama. A 1918 wani ɗan asalin Suwizalan mai suna Emil Frey, da ke aiki a kamfanin cuku na garin Monroe a jihar Niyu Yok, ya samo dabarar haɗa gutsattsarin cukun da ya farfashe ya zama abu guda mai santsi. Shi ne Velveeta, wanda Kraft ya saya a 1927. A 1943 kuma Carl Roettele ya buɗe ƙaramar masana'anta a garin Elsa da ke kudancin Tekzas, yana zuba yankakken tumatir da koren barkono a gwangwani da sunan Ro-Tel. Haɗuwar waɗannan biyu ita ta sa miyar ta zama abin da ko yaro zai iya yi. Mutanen jihohin kudancin ƙasar Amurka, da suka saba karya kumallo da niƙaƙƙen sosej, suka ƙara mata nama. Tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda ta shiga kasuwa da sunan Crock-Pot a 1971, ita ta cike gurbin da ya rage, domin tana riƙe miyar da ɗuminta tun daga fara wasa har a tashi.

Me ya sa cuku ke tsinkewa?

Cuku abu uku ne a haɗe: ruwa, da mai, da furotin ɗin madara. Furotin ɗin ya saƙu ne kamar ragar masunta, sinadarin kalsiyam ne ƙulle-ƙullen ragar, mai da ruwa kuma suna maƙale a cikin idanunta. Idan cuku ya fara jin ɗumi, man ne ke riga narkewa, tun zafi bai wuce digiri 32 a ma'aunin Salshiyos ba. Irin cukun da ake kira ceda yakan saki jiki ya malale idan zafi ya kai wajen digiri 65. Daga nan in aka ci gaba da hura wuta, sai furotin ya takure, ya matse mai da ruwan da ke jikinsa su fito waje. Abin da uwargida ke gani ke nan idan ta ce miyar ta tsinke. Cukun da ya daɗe a ajiye ya bushe ya fi saurin yin haka.

Maganin wannan ya fito ne daga Suwizalan a 1911, lokacin da Walter Gerber da Fritz Stettler suka gano cewa in aka narkar da cuku tare da wani gishiri mai suna sodiyam sitiret, ba ya rabuwa. Gishirin yana janye kalsiyam daga jikin furotin, sai furotin ya sassauta ya lulluɓe ɗigo-ɗigon man, ya hana su taruwa wuri ɗaya. Duk cukun masana'anta da ke narkewa sumul yana ɗauke da irin wannan gishiri: Velveeta, da falle-fallen cukun da ake sa wa baga, da ƙananan cukun nan masu kusurwa uku na La Vache qui rit, masu hoton jar saniya, da ake samu a shagunan Kano da Yamai.

Wannan bayani yana da amfani ga mai girki ta hanya biyu. Na farko, in cuku mai kyau irin ceda take da shi, ta haɗa shi da ɗan cukun masana'anta, gishirin da ke cikin wannan zai taimaki wancan. Na biyu, ta sani cewa cukunmu na gida bai dace da wannan aiki ba. Wara da matan Fulani ke daskarar da ita da ruwan tumfafiya, ko a tafasasshen mai aka jefa ta soyuwa take yi, ba ta narkewa. Busasshen cukun makiyayan Nijar shi ma na tauna ne da daka wa fura.

A duba abin da ke cikin leda

Ga Musulmi akwai abin lura babba. Sosej ɗin da Amurkawa ke sakawa a wannan miya, irin wanda kamfanin mawaƙi Jimmy Dean ya fara sayarwa a 1969, akasarinsa naman alade ne, haka ma corizo. Wanda ke zaune a can ko ya je baƙunta aka miƙo masa, ya tambaya kafin ya kai hannu, domin nama ya ɓace cikin cuku, ido ba ya rarrabewa. Mai saye a shago kuma ya karanta rubutun jikin leda, ya nemi kalmar pork, ko porc in da Faransanci aka rubuta. Kada ya tsaya a kan cewa an rubuta naman shanu ko na kaza, domin akan dura naman halal a cikin hanjin alade. Tambarin halal shi ne abin nema.

Abin farin ciki, sosej ɗin wannan miya ba ya buƙatar hanji ko kaɗan, niƙaƙƙen nama ne kawai da kayan ƙamshi. Saboda haka mafi kwanciyar hankali shi ne a haɗa a gida. A sayi naman sa ko na rago rabin kilo, mai ɗan kitse, a niƙa shi a injin nama. A zuba masa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da masoro, da citta, da tafarnuwa, da garin barkono, da ɗan tayim. A murza da hannu har ya haɗe, a rufe a sa a firij na awa ɗaya ko a bar shi ya kwana. Kitsen nan kada a cire shi duka, tsoka zalla takan bushe ta zama tsaki-tsaki a baki.

Yadda ake haɗawa

Awon da Amurkawa suka saba da shi shi ne nama giram 450, cuku giram 450, da gwangwanin Ro-Tel ɗaya mai giram 280. Wasu kan yi amfani da farin cuku mai laushi irin na Philadelphia a maimakon Velveeta, wasu su raba biyu. Wannan awo zai ishi mutum goma zuwa goma sha biyu a matsayin abin taɓa baki. A nan sai a yi hattara: tumatirin Ro-Tel yankakke ne da ruwansa, ba irin niƙaƙƙen tumatirin gwangwani mai kauri da muka saba da shi ba. Madadinsa shi ne nunannen tumatir uku ko huɗu a yanka ƙanana, da koren tattasai ɗaya, da attaruhu gwargwadon yadda mutanen gidan ke cin yaji.

Uwargida, ki ɗora kaskon suya ya yi zafi sosai, ki baza naman a ciki. Kada ki juya shi nan da nan. Ki bar shi minti biyu ko uku har ƙasan ya yi ja ya fara kama kasko, sannan ki farfasa shi da ludayi. Wannan jan da ya kama shi ne ɗanɗanon miyar. Niƙaƙƙen nama sai ya dahu har ciki, zafinsa ya kai digiri 71, babu sauran ja-ja na jini, domin niƙa tana cusa ƙwayoyin cutar da ke bayan nama zuwa tsakiyarsa. Idan ya soyu ki karkata kaskon ki tsiyaye man, ki bar kamar cokali ɗaya. Ki zuba albasa da tattasai da attaruhu su risina, ki bi su da tumatir, ki bari ruwansa ya ragu da rabi.

Daga nan wuta ta gama babban aikinta. Ki rage ta can ƙasa, in gawayi ne ki janye garwashin gefe. Ki zuba madarar ruwa ta gwangwani kamar rabin kofi, sannan ki riƙa jefa cuku kaɗan-kaɗan, kina juyawa, sai wanda kika jefa ya narke kafin ki ƙara wani. Idan ceda kike amfani da shi, ki goge shi da kanki a abin goga, ki barbaɗa masa kwanfulawa babban cokali ɗaya kafin ya shiga tukunya, ita ma tana hana mai taruwa. Za ki ga miyar ta fara sheƙi, in kika ja ludayi a tsakiya layin ya rufe a hankali. Ta yi ke nan. Kada ki bari ta tafasa. In ta yi kauri da yawa, ɗan ƙarin madara mai ɗumi zai saki jikinta. Ki yanka lawashi ki watsa a kai.

Ki ɗanɗana kafin ki yi tunanin ƙara gishiri ko magi, domin cukun masana'anta da sosej kowannensu cike yake da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kuma mai hawan jini ya kamata ya taɓa kaɗan ya janye hannu. Abin dangwalawa kuwa, in babu gurasar masara, gasasshen burodi ko gurasa da aka yayyanka, ko soyayyen dankali, ko karas da kokwamba duk suna yi.

Bayan an sauke

Nan ne aka fi yin sakaci. Nama da madara a haɗe, da ɗumi-ɗumi, babu abincin da ƙwayoyin cuta suka fi so kamarsa. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana kiran tsakanin digiri 4 zuwa digiri 60 yankin haɗari, domin a nan ƙwayoyin kan iya ninka yawansu duk bayan minti 20. Ƙa'idar da ta shimfiɗa ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal. Wanda ya san bazarar Sakkwato ko Damagaram ya san cewa awa ɗayan nan ce tamu a mafi yawan watanni. Kuma sake ɗumamawa ba kullum take ceto ba: akwai ƙwayar cutar da ke zama a fata da hancin mutane, wadda in ta samu lokaci takan zuba dafi a abinci, dafin kuma tafasa ba ta kashe shi.

Don haka in akwai tukunyar lantarki, a bar miyar a cikinta a kan mafi ƙarancin zafi, ana juyawa lokaci-lokaci. In wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, a ɗora kwanon miyar a kan tukunyar ruwan zafi bisa ɗan garwashi. Kula tana taimakawa na ɗan lokaci, musamman in an fara ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, amma ba ta yini. Dabara mafi sauƙi ita ce a riƙa fitar da kaɗan-kaɗan a ƙaramin kwano, in ya ƙare a kawo sabo a wani kwanon, kada a tuttula sabo a kan tsoho.

Akwai kuma ladabin ci. Binciken da Farfesa Paul Dawson da ɗalibansa suka yi a Jami'ar Clemson, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa wanda ya gatsa ya sake mayar da ragowar cikin kwano yana zuba ƙwayoyin bakinsa a ciki. A sa babban cokali a kwanon, a ba kowa ɗan faranti ya ɗiba. Abin da ya rage, in bai wuce lokacin da aka ambata ba, a sa shi a firij, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, a ɗumama shi a hankali da ɗan madara har ya yi zafi sosai. Wanda ya wuce lokaci kuwa a zubar, komai tsadar cukun da ke ciki, kuɗin asibiti ya fi shi.

Wadda za ta gwada a walima ko taron suna, ta fara da rabin awo a gida tukuna, ta ga yadda cukun da ke kasuwarsu yake narkewa a kan irin murhunta. Ranar taro kuma ta soya naman tun da wuri, amma ta bar narkar da cuku sai baƙi sun fara sallama.